Fansar Likita a Dajin Sarakunan Ingila

Mu huɗu ne a tafiyar nan, kuma zan faɗi kowa don kada a ce na ƙara ko na rage. Akwai ni. Akwai surukata Hadiza, malamar tarihi a jami'a, wadda ke rubuta wannan ina faɗa mata. Akwai Malam Bukar, Babarbaren Damagaram mai tuƙa tasi a Silver Spring. Sai maigidan, Likita, ɗana na fari, wanda kun san ba na kama sunansa. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa mahaifiyata, shi ya sa har yau Adda yake ce mini, wato yaya. Shi kaɗai ya rage mini tun da masu garkuwa suka ɗauke autana Nuhu a hanyar Birnin Gwari, shekara biyu ke nan. Rabi, ke matar Nuhu, a zaune za a karanta miki wannan.

Fort Washington, shida da minti ashirin

Asabar ce, a lokacin da ganyen itatuwan ƙasar nan ke yin ja yana zuba. Hadiza ta yi mako uku tana damuna da maganar wani taro da ake yi a daji, inda Turawa ke sa kayan kakanninsu na Ingila, da sarki da fadawa da masu takobi, suna kwaikwayon zamanin da. Ta ce wata biyu ina zaune a ɗaki, in fita in ga duniya. Na yarda bisa sharaɗi guda: a tashi bayan asuba, a dawo rana ba ta faɗi ba.

Likita ya ce, "Adda, nan fa ba can ba ne."

Na ce masa hanya dai hanya ce.

Na ɗaura agogon Nuhu, wanda shi ya koya mini duba shi. Na sa awarwarona huɗu na zinariya da na sayo a Makka. Hadiza ta ce in bar su a gida saboda ƙura, na ce abin da na mallaka a jikina yake kwana. Muka fita da duhu, hazo ya taso daga kogin da ke bayan unguwar. Na zauna a baya, daidai inda nake ganin ƙeyar Likita da madubin gefe. Wata farar mota ta bi mu har mahaɗa ta uku, sannan ta karya. Ban gaya wa kowa ba.

Cikin Washington, bakwai saura biyar

Takardun shiga taron suna ofishin Hadiza, don haka muka ratsa birnin zuwa arewa maso yamma, unguwar ofisoshin jakadanci. Mil ashirin da ɗan wani abu, in ji Likita. A ƙofar jami'ar wani baƙin mutum mai kaki ya duba katin Hadiza, ya leƙo ya gaishe ni da hannu. Ban amsa ba sai da ya ɗaga sandar da ke tare hanya. Takarda ɗaya dala ashirin da biyar. Na ce kuɗin buhun gero don a kalli mutane suna ƙarya, Hadiza ta yi dariya ta ce ai tarihi ne, Hajiya.

Silver Spring, takwas saura ashirin

Bukar yana hawa na shida a wani dogon bene, ƙasansa shagon 'yan Afirka ne mai sayar da daddawa da busasshen kifi. Shi da Likita abokan wasa ne, mu Fulani shi Babarbare, kuma tun daga bakin ƙofa Bukar ya fara, yana kiransa Lokotoro yadda mutanen Nijar ke ce wa likita.

"Ga bawana ya zo gaishe da ubangidansa. Lokotoro, cire takalmi, nan ba ruga ba ce."

Likita ya ce masa in ba don Fulani ba da Barebari har yanzu gishiri suke lasa. Aka kawo shayi mai kauri da dogon burodi irin na mutanen Nijar da ƙosai. Na ci ƙosai uku. Na lura Bukar mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma sau biyu ya tambayi Hadiza ko har yanzu ana yin "abin nan" a taron. Ta ce ana yi, suka yi murmushi. Na ajiye wannan a raina.

Muka bar motar Likita muka shiga ta Bukar, mai faɗi, tara saura goma. Mil talatin ne zuwa wurin, ta gabas. Da muka sauka daga babban titi sai hanya ta matse, itatuwa suka rufe ta dama da hagu. Motoci suka yi layi. Can gaba na hango mutane masu kaki suna tsayar da motoci da hannu.

Na ce wa Bukar ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, yadda zai iya juyawa. Ya ce 'yan sanda ne, Inna, hanya suke nunawa. Na ce waɗanda suka tsayar da Nuhu ma kakin soja ne a jikinsu. Bukar ya dube ni ta madubi bai gane ba, domin a ƙasar nan Likita bai gaya wa kowa yadda ƙaninsa ya rasu ba. An dai ce a hanya ne, kowa ya ɗauka hatsarin mota. Amma ya bar tazarar.

Ƙofar taron, goma da kwata

Aka ajiye mota a fili cikin ciyawa. A ƙofa wata yarinya ta buɗe jakata, ta ga dambun naman da na ƙunso, ta ce ba a shiga da abinci, Bukar ya mayar mota. Ciki gari ne guda na katako a ƙarƙashin itatuwa. Mata da riguna masu jan ƙasa, maza da wandon da ya ɗame su kamar an zuba su ciki, kowa da takobi ko gatari. Ana sayar da cinyar talo-talo gasasshiya dala tara. Ban ci ba, ban san wanda ya yanka ba. Masara gasasshiya na ci, dala huɗu, babu daɗi. Na ƙirga ƙofofin fita, biyu na gani.

Sha ɗaya da rabi muka zauna a kan benci gaban wani dandali. Hadiza na gefena tana fassara mini. Ta ce abin da za a nuna ya faru da gaske, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wani sarkin Ingila yana dawowa daga yaƙi aka kama shi a hanya, aka kulle shi a wata ƙasa, aka sa masa kuɗin fansa. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya aika wa masu riƙon a ɓoye, ya ce zai biya su don kada su sake shi. Na ga mai yin ƙanin ya ja wani mutum gefe, ya danƙa masa jaka, ya nuna da haɓa. Jama'a suka yi ta masa ihu suna dariya. Daga baya, in ji Hadiza, wannan ƙanin ya hau sarauta, kuma aka ce shi ya kashe ɗan wansa yaro matashi, aka jefa gawar a kogi.

Amma ni tsohuwar nake kallo, uwar sarkin. Ita ta bi ƙasa tana tara azurfa, har da ta ɗakunan ibadarsu da ulun tumaki, ta ɗauka da kanta cikin sanyi ta je ta karɓo ɗanta.

Na tambayi Hadiza, "Ta yi ciniki?"

Ta ce iyakar abin da ta karanta, tsohuwar tarawa ta yi ta kai. Ta tambaye ni me ya sa. Na ce ba komai.

Rabi, ga abin da ba ki sani ba, kuma Likita ma a ranar bai sani ba. Da aka ɗauke Nuhu, kuɗin da suka nema Likita ya aiko su cif a rana ta uku, suna ƙarƙashin gadona. Wani dattijo da ya saba shiga irin wannan magana ya ce kada a kuskura a biya da wuri, za su ninka, su riƙe wanda ya kai. Ya ce uwa ce za ta riƙa magana da su, ta nuna talakawa ne mu, kada a ambaci wani ɗa a ƙasar waje, kuma ta rage darajar yaron yadda za ta iya. Haka ake yi, in ji shi, kowa haka yake yi. Na bi. A rana ta shida na ce musu wannan yaron ba ya tsinana mini komai, akuyar gidana ta fi shi amfani, in sun ga dama su riƙe. Sai na ji tari a kusa da wayar. Na san tarin Nuhu tun yana goye. Sun sa masa wayar a kunne. A rana ta tara muka kai kuɗin, suka karɓa, suka faɗi inda za a same shi. Masu wanka sun ce ya kwana biyu ko uku da rasuwa. Na bar ku duka kuna zaton an biya a kan lokaci aka ci amana.

Bakin kurkuku, ɗaya da minti goma

Bayan wasan Likita da Hadiza suka tsaya kallon maƙeri. Bukar ya ce zai zaga. Na bi shi da ido. Bai nufi ban ɗaki ba. Ya je wurin wani ƙaton Bature mai jan gemu da baƙaƙen kaya, makullai a ƙugunsa. Ya ja shi gefe, ya miƙa masa kuɗi, ya nuna Likita da haɓa.

An gaya mini wasa ne ake yi a wurin nan, kuma na ji. Amma wanda ya nuna Nuhu ma mun ci abinci da shi a kwano ɗaya. Na miƙe zan isa wurin Likita, jama'a suka shiga tsakani. Kafin in kutsa mutum biyu masu mashi sun kama shi, mai jan gemu ya karanta wata takarda da ƙarfi, aka sa masa igiya a hannu. Likita dariya yake yi. Nuhu ma direban motarsu ya ce da murmushi ya sauka, yana ce musu ga takardunsa.

Aka tafi da shi, muka bi. Wani keji ne na katako a tsakiyar fili, da mutum uku a ciki, da tebur a gaba da tulu a kai. Hadiza ta ce mini ana biyan dala biyar a sa a kama wa mutum abokinsa, sai 'yan uwa su zo su fanshe shi, kuɗin na gidan marasa lafiya ne. Ta ce daɗin abin shi ne cinikin. Aka fito da wani Bature mai tumbi, aka tambayi matarsa nawa za ta biya. Ta ce wani abu, fili ya ɗauki dariya. Hadiza ta ce wai ta ce ita za ta ƙara musu in za su riƙe shi har Litinin.

Sai aka jawo Likita gaba. Mai jan gemu ya kaɗa ƙararrawa ya ce in ba a fanshe shi ba kafin ƙarfe biyu za a sare kansa. Bukar ya ɗaga murya da Hausa da Turanci ya ce bawansa ne, ba ya aikin komai sai shan nono, su riƙe. Hadiza ma ta shiga, tana dariya ta ɗaga dala ɗaya ta ce ko wannan ta yi yawa, ba ya wanke kwano.

Na dubi Likita. Yana tsaye da igiya a hannu yana jin ana rage masa daraja a gaban mutane.

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na zare awarwaro huɗun na ajiye. Na cire 'yan kunne da zobe. Na kwance jakar da ke ɗaure a ƙuguna, da fasfo da duk abin da ke ciki, na ɗora. Agogon Nuhu ne ƙarshe.

Mai jan gemu ya ɗauka cikin wasan ne. Ya ɗaga awarwaro ɗaya sama ya nuna wa jama'a, ya ce wani abu, aka yi tafi. Hadiza ta matso tana cewa Hajiya ki mayar, wai ya ce wannan ya yi yawa a kan ɗan wannan fursuna, ki taya da kaɗan.

Na ce, "Gaya masa ba na ciniki."

Ta gaya masa. Ya sake magana da waccan muryar tasa ta wasa. Hadiza ta ce ƙa'idarsu ce, mai fansa sai ya faɗi sunan fursuna da abin da yake a wurinsa. Ta ce bari ita ta faɗa a madadina, ta san ba na kamawa.

Na ce ta bari.

Shekara arba'in da shida ban taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Na faɗe shi a gaban Turawa fiye da ɗari, da ƙarfi yadda zai ji. Na ce, "Ɗana ne. Na fari. Ni na haife shi, ina da shekara goma sha shida, kwana biyu ina naƙuda. Babu abin da na mallaka da ya kai shi. In wannan bai isa ba ku sake shi ku riƙe ni."

Hadiza ba ta fassara ba, hannunta na kan bakinta. Ba a bukaci fassarar ba. Mai jan gemu ya dubi hannuwana a kan tebur, ya dubi fuskata. Ya cire hularsa. Da ya sake magana wata murya ce daban, ƙarama, irin ta mai sayar da magani a kanti. Ya juya ya zare igiyar da kansa, sai na ga ashe ko ƙulli babu, naɗawa kawai aka yi. Ya tattara kayana da hannu biyu yana miƙo mini. Ban karɓa ba sai da Likita ya fito daga bayan teburin ya tsaya a gefena.

Na kama wuyan hannunsa na duba inda igiyar ta zauna. Babu ko shaida. Rabon da in taɓa jikinsa tun yana shan nono. Bai janye ba.

Komawa, biyu saura kwata

A wurin ajiye motoci Bukar ya durƙusa cikin ciyawa. Ya ce dala biyar ce, Inna, wasan Barebari da Fulani ne, wallahi bai nufi komai ba. Na ce na ga lokacin da ya miƙa kuɗin, na ga haɓarsa. Likita ya ja shi gefe ya yi masa magana a hankali. Na ga Bukar ya dafe motar. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya buɗe mini ƙofa.

Hanyar ta yi sauƙi, minti arba'in muka iso Silver Spring. Ba a kunna rediyo ba. Dambun naman na kan cinyata ba wanda ya taɓa. A gidan Bukar muka yi azahar a makare. Ya kawo ruwa a kofi ya tsaya daga nesa, yana tsoron kada in ƙi. Na bar shi ya ɗan tsaya, sannan na karɓa na sha. Na ce masa wasan kakanni ba laifi ba ne, amma ya riƙa tambayar abin da ya kashe mutum kafin ya yi wasa da 'yan uwansa. Ya ce ya ji. Na ba shi dambun ya kai wa iyalinsa.

Muka koma motar Likita, muka bi titin da ya kewaye birni, mil ashirin da biyar. Sau uku na ga idonsa a madubi yana dubana. Biyar saura goma muka shiga Fort Washington, rana na saman itatuwa.

Na gode wa Allah da ya fita da mu huɗu ya dawo da mu huɗu. Na gode wa Hadiza, wadda ta zo ɗakina ta ba ni haƙuri a kan dala ɗayan nan, kuma ta yarda ta rubuta har inda ba ta fito da kyau ba. Baturen nan mai jan gemu ban san sunansa ba, amma ya san lokacin da ake cire hula.

Washegari

Bayan asuba na shiga kicin na dama kunun gyaɗa, na zuba a kofi biyu. Na hau bene na tsaya a ƙofar ɗakin Likita na ƙwanƙwasa.

Na ce, "Mahmudu, fito. Akwai maganar Nuhu da ban gaya maka ba."

Ya buɗe ƙofa da carbi a hannu. Ya ce, "Adda, sake faɗa."

Na ce maganar Nuhu ce.

Ya ce a'a, na farkon.

Na ce masa ya ji ai, ya sauko kunu na hucewa.

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, na faɗa masa tun daga rana ta uku har ta tara, da akuyar da tarin, ban rage ba. Ya ajiye kofin. Sannan ya ce Nuhu ɗan kasuwa ne, ya san ciniki in ya ji shi, kuma ya san muryar uwarsa in tana ƙarya. Ban sani ba ko gaskiya ne ko lallashi. Ya shanye kunun da sanyinsa.

Da ya tashi na cire awarwaron huɗu na ƙulle a ɗankwali, za su zo miki tare da wannan takarda, na 'ya'yan Nuhu ne. Sannan na kira Hadiza na ce ta kawo biro. Rabi, in an gama karanta miki, wayata na hannuna. Duk abin da za ki faɗa, zan saurara har ki gama.